Jirgi a Sama, Mota a Ƙasa

Jama'a, layin dogo ya riga yawancin unguwanninmu zuwa. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a bayan ganuwa aka yi masa tasha. Gari ne ya bunƙasa har ya haɗiye layin, kamar yadda ya faru a Zariya da Kaduna. Yau a wurare da dama inda titi ya gitta dogo, da an jiyo kukan jirgi sai mai gadi ya tare hanya, kowa ya tsaya cak: tirela, a daidaita sahu, mai kura, har motar da ta ɗauko mai naƙuda. Jirgi ya wuce, amma cunkoso bai wuce ba, don kafin a buɗe hanya masu gaggawa sun riga sun cike hannun da ba nasu ba, an yi cirko-cirko, hanci da hanci.

Wani zai ce, me ya hana jirgin ya jira mu? Ai ba ya iyawa. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, in ya sha kaya yana gudu, sai ya ci sama da kilomita kafin birki ya tsayar da shi. A watan Maris na 2023 jirgi ya yi awon gaba da motar ma'aikatan gwamnatin Legas a wata mahaɗa a Ikeja, aka yi asarar rayuka. Allah ya kiyaye na gaba.

Maganin abin shi ne a raba su, kowa da hanyarsa. Jirgi ba ya son hawa da gangara, saboda haka shi ake bari a inda yake, titi ya bi ta sama ko ya kurɗa ta ƙasa. Sau da yawa gadar ƙasa ta fi sauƙin fili, domin mota ba ta buƙatar sararin da jirgi ke buƙata a bisa kansa, gangararta ba ta da tsawo, gidaje da shagunan da za a rushe ba su da yawa.

Yaya ake haƙa rami a ƙarƙashin layin da jirgi ke bi? Akwai dabara. A gefen layin ake zuba wani ƙaton akwatin kankare da rodi, mai buɗaɗɗen baki gaba da baya. Sai a tallafe dogon da ƙarafa, a sa manyan jak suna tura akwatin kaɗan-kaɗan, ma'aikata na ciki suna kwashe ƙasa. Jirgi na wucewa a hankali ta bisa kansu, aiki bai tsaya ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Rami dai rami ne, ruwa kuwa gangara yake nema. Duk gadar ƙasa sai an yi mata rijiyar tara ruwa da injin zuƙewa, ko magudanar da za ta kai shi inda ya fi ta ƙasa. Inji aikin hukuma ne, ta ba shi wuta da mai, ta gwada shi tun kafin damina. Amma bakin magudana a hannunmu yake. Ledar fiya wata guda, ka wurga ta tagar mota ka manta. Ruwan Agusta bai manta ba, zai kwaso ta da 'yan uwanta ya liƙe ragar ƙarfen da ke bakin magudanar, kafin la'asar gada ta koma kududdufi.

Direba, in ka tarar da ruwa ya kwanta a ciki, kada ka auna zurfinsa daga baki, can tsakiya ya fi zurfi. Juya ka yi zagaye. Kai kuma mai babbar mota, dubi allon tsayi kafin ka shiga. In lodinka ya daki rufin, dogon da ke sama yana iya gocewa, ga jirgi tafe da fasinja.