Darasi: Malamin da Ya Sa wa Yara Ƙaunar Karatu

Abin karantawa: 2 Timoti 1:5 da 3:14-15; Karin Magana 22:6

'Yan'uwa manoma, duk mun san irin da aka shuka da ruwan fari shi ne yake yin ƙarfi. Haka yake ga karatun yara. Timoti ya san Littattafai tun yana ɗan ƙarami, gama kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ba su jira ya girma ba. A darasin nan za mu duba aikin wani maƙwabcinmu, mu ga abin da ƙungiyoyinmu na gama kai za su koya.

Wane ne shi?

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a 1911, nan kusa da ƙasarmu ta Birnin Gwari. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malami a Midil ta Katsina. A lokacin, yaro yakan koyi haɗa baƙaƙe, amma littattafan Hausa masu daɗin karantawa ba su da yawa. Wanda ba shi da abin karantawa kuwa, ba ya daɗewa sai ya manta.

Saboda haka a 1933 Dokta East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasar rubuta labarai. Malam Abubakar ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki. Ɗan'uwanmu John Tafida na Wusasa kuma, tare da Dokta East, suka rubuta Jiki Magayi. A 1936 aka kira Malam Abubakar Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta. Ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa, da Indiya, da Turai, ya sa musu rigar Hausa, ya sa da yawa a bakin wani aku mai wayo. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981, amma har yau ana karanta littattafansa. Shi Musulmi ne, aikinsa kuwa ya amfani 'ya'yan kowa.

Abin da muka koya

Na fari, ya yi wa yara rubutu da harshen da suke ji. Yaron da ya fara da Hausar da yake ji a gida da kasuwa yakan gane abin da ya karanta, daga baya Turanci ya zo masa da sauƙi. Na biyu, ya sa daɗi a ciki. Yaro yana so ya ji yadda labari zai ƙare, sai ya juya shafi da kansa, ba bulala. Na uku, ya lura cewa koyon baƙaƙe kaɗai bai isa ba, sai da abin karantawa kullum.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Shekarun tashin hankali a dajinmu sun rufe makarantu da yawa, iyalai suka bar ƙauyukansu. A Kagara ma, garin Malam Abubakar, an sace ɗaliban makarantar sakandare a Fabrairu 2021. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sāke buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Amma shekarun da yara suka rasa ba su dawowa da kansu. Yaron da bai iya karatu ba, gobe shi ne manomin da ba zai iya karanta gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin feshi ba. Shi ne zai dangwala yatsa a takardar bashin taki bai san abin da ke ciki ba. Wa zai riƙe littafin kuɗin ƙungiya bayan mu? Wa zai karanta Littafi Mai Tsarki a sujada?

Yadda za mu fara

1. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu masu haƙuri da suka iya karatu, ɗaya daga cikin zumuntar mata.
2. A tara yara masu shekara 4 zuwa 7 a majami'a ko a inuwa cikin gari, da rana, sau uku a mako. Rabin awa ya isa. A gayyaci 'ya'yan maƙwabta duka.
3. A fara da tatsuniya ko labari. Sa'an nan a koya wasula biyar: a, e, i, o, u. Bayan haka a haɗa su da baƙi ɗaya: ba, be, bi, bo, bu.
4. A gina kalmomi daga gona: dawa, gero, masara, doya. Yara su rubuta da yatsa a ƙasa kafin a ba su allo da alli.
5. Kada a bar ɓ, ɗ, ƙ a baya. A nuna musu bambancin kara da ƙara ta wurin ji, tun da wuri.
6. Da kaka, kowane memba ya ba da mudu ɗaya na hatsi. A sayar, a sayi littattafai, a ajiye su cikin akwatin ƙarfe saboda gara, a kuma taimaki malaman da ɗan abin sabulu.

Yara mata su zauna daidai da maza. Manyan yaran da makaranta ta wuce su kuma, a yi musu nasu aji dabam don kada su ji kunya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yara nawa ne a gidajen membobinmu da suka kai shekara 8 ba su iya karanta sunansu ba?
2. Wane littafin Hausa ke cikin gidanka yanzu?
3. Wace rana za mu buɗe ajinmu, su wa za su koyar?

A rufe taro da addu'a domin yaranmu, da malamansu, da zaman lafiyar ƙasarmu.