Kada a Bar Jaki a Daki Taiki: Neman Matsalar Wuta a Tsohon Babur

A shekarar 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da ƙaramin babur ɗin nan mai suna Super Cub, a 1960 kuma ya fitar da samfurinsa mai sitata. Baburan wancan zamani sun bazu a duniya, har yau ana ganin irinsu da 'yan uwansu Benly da Roadmaster a titunan garuruwanmu. Ƙarfensu bai gaji ba, injinsu yakan jure wahala, amma wutarsu takan sa mai su ciwon kai. Ranar da mutum ya danna sitata ya ji shiru, abin da yakan fara fita bakinsa shi ne sitata ta ƙone, sai ya kama hanyar kasuwa. Manufar wannan takarda ita ce a gane cewa sau da yawa sitata ba ta da laifi. Cutar tana kan hanyar da wuta ke bi kafin ta isa gare ta, kuma wanda ya bi hanyar nan daki-daki, daga abu mai araha zuwa mai tsada, shi ne zai tsira da kuɗinsa.

Farkon hanya batir ne. Kowane ɗaki na batir yana ba da wajen volt 2.1, don haka mai ɗaki uku, irin na tsofaffin babura da yawa, yakan nuna 6.3 idan ya cika, mai ɗaki shida kuma 12.6. In aka ɗora mita a kan mai ɗaki shida aka ga ya sauka zuwa 12, to wutarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Kada kuma a yarda da hasken fitila kaɗai, domin sitata tana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da fitila ke ja, batirin da ya kunna fitila yana iya kasa juya inji. Gwaji na gaskiya shi ne a danna sitata mita tana haɗe. In allura ta faɗi ƙasa da 10 a kan mai ɗaki shida, batir ya raunana. A duba ruwansa ma, don zafin bazara yana ƙafar da shi, a kuma cika da ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na famfo. Bayan inji ya tashi, a ba shi wuta a sake aunawa. A kan mai ɗaki shida, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, babur ba ya caji, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu.

In batir lafiya yake, sai a saurari babur, domin yakan faɗi ciwonsa. Shiru ɗungum, babu hon babu fitila, yana nuna fis ya yanke ko makulli ba ya haɗa wuta. Ƙara ɗaya "ƙas" ko wata 'yar kakkaɓa a jere daga na'urar nan da ke tsakanin batir da sitata, wadda masu gyara ke kira solinoyid, alama ce wuta tana zuwa amma ba ta isa ba. A nan sai a duba kawunan batir, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur, domin ta jikin ƙarfen nan wuta ke komawa batir. Laimar damina da ƙurar hunturu na shekaru masu yawa sukan bar tsatsa da wani farin gari a mahaɗa, wuta ta kasa wucewa. Samfefa da sifana da ɗan giris sun isa magani. In kuwa sitata tana juyawa da sauri amma inji bai motsa ba, to kulocinta ne ke zamewa. Sai an gama duk wannan ne ya dace a kwance sitata, kuma ko a nan gawayin da ke cikinta ne yakan cinye, ana kuwa canza shi ba tare da an yar da ita ba. Wanda babur ɗinsa ke da kik ya gwada shi tun farko. In ya tashi da kik, inji da fulogi sun fita zargi. In ya ƙi, a cire fulogi a jingina shi a jikin inji a taka kik a nemi shuɗin tartsatsi, in babu a duba kwantak, wanda ratarsa a tsofaffin Honda take tsakanin milimita 0.3 da 0.4, sannan kwandansa da kwil.

Wani zai ce wannan aikin makanike ne. Gaskiya ne akwai abin da sai gwani, kamar sake naɗin waya. Amma mai babur da ya san tsarin bincike ba ya biyan kuɗin lalube, makanike mai amana kuwa daɗi yake ji in an kawo masa bayani sarai. Wani kuma zai ce babur ya tsufa, gara a canza kome lokaci ɗaya a huta. Amsa ita ce sabuwar sitata da aka ɗaura a kan waya mai tsatsa za ta yi shiru kamar tsohuwar, an yi asarar kuɗi cuta tana nan, ga shi kayan asali na waɗannan babura sun yi wuya. Akwai kuma masu cewa ai in fis ya yanke sai a naɗa masa waya a wuce. Wannan shi ne mafi haɗari, domin fis yana yankewa ne don ya ceci sauran wayoyi, wanda ya hana shi yankewa ya gayyato gobara ƙarƙashin tankin fetur.

Saura gargaɗi uku. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 5 a danni ɗaya. Kada a kawo sigari ko ashana kusa da batir, don yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A kuma tabbatar da kan batir da ke haɗe da ƙarfe, shi ake fara kwancewa, domin baburan Ingila da yawa na shekarun 1950 da 1960, irin su BSA da Triumph, kan mai alamar tarawa ne ke jikin ƙarfensu, saɓanin na Japan, kuma juya batir yana ƙona na'urar caji. Jama'a, a auna kafin a kwance, a kwance kafin a saya.