Sa'ad da Lokacin Sallama Ya Yi

Karatu: Ayyukan Manzanni 20:17-38, 2 Timoti 2:2

Mukan ji wa'azi da yawa a kan amsa kiran Allah, amma da wuya mu ji koyarwa a kan yadda bawan Allah zai ajiye aiki ya tafi. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin mishan, kamar na Galmi da ke jihar Tawa a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, ya san likitoci sukan zo su kuma tafi. Wani tsufa ne ya kama shi, wani rashin lafiya, wani karatun 'ya'ya, wani kuwa iyayensa ne suke bukatar mai kula da su. Tambayarmu ta yau ita ce: tafiyar nan gudun aiki ce?

Misalin Bulus

Bulus ya yi shekara 3 a Afisa. Da zai wuce Urushalima, sai ya kira dattawan ikkilisiya zuwa Militas, ya faɗa musu ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Ya tuna musu bai ɓoye musu wani abu mai amfani ba, bai kuma yi ƙyashin kuɗin kowa ba. Ya gargaɗe su su tsare garken, ya danƙa su ga Allah. Suka durƙusa suka yi addu'a, suka yi kuka, suka raka shi bakin jirgi. Lura, Bulus bai hana su kuka ba, kukan kuma bai hana shi tafiya ba.

Misalin Likita Helen Roseveare

Wannan baiwar Allah 'yar Ingila ce. Ta isa Kwango a 1953, ta fara koyar da ma'aikatan jinya a Ibambi, daga baya ta gina asibiti a Nebobongo. A 1964 'yan tawayen Simba suka kama ta, suka tsare ta wata 5, suka yi mata duka, suka ci mutuncinta. Duk da haka a 1966 ta koma, ta taimaka wajen kafa asibiti da makarantar aikin lafiya a Nyankunde.

Amma tafiyarta a 1973 ba ta zama kamar ta Bulus ba. Ɗalibanta suka yi yajin karatu, suka zarge ta a kan kuɗin makaranta, ta ajiye aiki da baƙin ciki bayan shekara 20. A nan ne Ubangiji ya koya mata cewa shi ne ladanta, ba yabon mutane ba. Ta koma gida, ta ba da sauran kwanakinta ga koyarwa da rubuce-rubuce har ta rasu a 2016. Asibitin Nyankunde kuwa ya ci gaba ba tare da ita ba. An rushe shi a yaƙin 2002, daga baya aka sake buɗe shi.

Darussa uku

Na ɗaya, aikin na Ubangiji ne. Mai tunanin cewa asibiti zai mutu ranar da ya tafi, ya sa kansa a matsayin da ba nasa ba.

Na biyu, shirin tafiya yana farawa tun ranar zuwa. Bulus ya umarci Timoti ya damƙa koyarwa ga amintattun mutane da za su koya wa waɗansu. Likitan da ya bar ungozoma da ma'aikacin jinya da mai haɗa magani waɗanda suka ƙware, ya bar gado da ya fi gini. Wanda ya riƙe makullai duka a aljihunsa, marayu zai bari.

Na uku, a rabu da hannu mai tsabta. A miƙa lissafin kuɗi a fili, a nemi gafara, a kuma yafe. Ko ba a yi maka bikin sallama ba, kada ka ɗauki ɗacin rai cikin kayanka.

Mu kuma da aka bari, kada mu ce wanda ya tafi ya yashe mu. Mu gode masa, mu yi masa addu'a, gama komawa gida bayan shekaru da yawa ba abu mai sauƙi ba ne. Mu kuma tura 'ya'yanmu su koyi aikin lafiya, domin marasa lafiyar nan 'yan'uwanmu ne.

Tambayoyi

1. Me Bulus ya bar wa dattawan Afisa?
2. In ka bar hidimarka gobe, wa ka koya wa da zai riƙe ta?
3. Akwai wanda ya kamata ku shirya da shi kafin rabuwa?

Addu'a

Ya Uba, ka koya mana mu yi aikinka da aminci, mu kuma sake shi da salama sa'ad da ka ce ya isa. Ka ta'azantar da masu tafiya, ka ƙarfafa waɗanda suka karɓi aikin. A cikin sunan Yesu, Amin.