Kayan Zangon Mai Mota

A zamanin da, fatake sukan tashi daga Kano su tafi Gwanja sayen goro. Tafiya ce ta wata da watanni. Kullum madugu yakan zaɓi wurin da ayari zai sauka ya kwana. Wannan wuri shi ake kira zango.

Yau mota ta karɓi aikin jaki, amma kwanan zango bai ƙare ba. Waɗansu aiki ke kai su ƙauyuka masu nisa, waɗansu kuwa yawon buɗe ido suke fita. Sukan ɗora kayansu a mota, in yamma ta yi su kafa tanti kusa da ita su kwana. To, mai hankali yakan fara ɗaukar abin da zai tsare ransa, sa'an nan ya nemi abin jin daɗi.

Na farko shi ne ruwa. A tanadi kamar lita 4 na sha domin kowane mutum a yini guda, ban da na girki da na alwala. A zuba shi cikin jarka mai tsabta, wadda ba a taɓa sa fetur ko kananzir a ciki ba. In tilas ta sa an ɗebo ruwan rafi, sai a tace shi, a tafasa shi sosai kafin a sha.

Na biyu makwanci. Kafin a tashi, a kafa tantin a gida, a duba ko ya yage, a ƙidaya igiyoyi da turaku. A ɗauki tabarma da 'yar katifa, gama sanyin ƙasa yakan shiga jikin mai barci. Da hunturu a haɗa da bargo. Gidan sauro kuwa ba a barinsa ko da rani, domin sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya da dare yake cizo.

Na uku wurin sauka. A isa da sauran rana. A gai da mai gari, a tambaye shi inda babu tsoron ɓarayi. A zaɓi tudu mai shimfiɗa, a share ciyawa da duwatsu. Kada a sauka cikin busasshen rafi, ko da yashinsa yana da laushi. Akan yi ruwa can nesa, ambaliya ta gangaro cikin dare, ta tafi da mutum da motarsa. Da safe kuma a kakkaɓe takalma kafin a sa, saboda kunama.

Na huɗu wuta, kuma nan ne haɗari ya fi yawa. Tocila ta fi fitilar ƙwai lafiya cikin tanti, gama ba ta ƙona kome. Risho da kurfoti wurinsu waje ne. Yara, ku lura da wannan ƙwarai. Gawayi mai ci yana fid da wata iska mai guba, wadda ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta taru a rufaffen wuri, sai ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mutum ya ji ciwon kai da jiri, barci ya kwashe shi, daga nan ba ya farkawa. Hayaƙin mota ma yana da ita. Saboda haka, kome sanyi, ba a shiga da garwashi cikin tanti, ba a kuma kwana cikin mota injinta yana aiki.

A ƙarshe kada a manta da motar kanta. A ɗauki safaya mai iska, da jak, da shebur, da akwatin magani mai bandeji. A gaya wa mutanen gida inda za a, da ranar komowa. In an tashi daga zango, a kashe wuta da ruwa, a kwashe shara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne zango?
2. Lita nawa na ruwan sha mutum 3 za su tanada domin kwana 2?
3. Don me ba a sauka cikin busasshen rafi?
4. Me ke faruwa ga wanda ya kwana da garwashi cikin tanti?