Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa cikin jirgi?

Kowace shekara muna raka maniyyata filin jirgi. Da jirgi ya tashi, sai na gida su fara tambaya: "Shin sun sauka?" Yau za mu koyi lissafin da zai ba mu amsa.

Tsakanin Yamai da Jidda akwai wajen kilomita 4000 in an miƙe sak. Don ku gane nisan, ku tuna hanyar Yamai zuwa Damagaram: kusan kilomita 900 ce, kuma mai shiga kar yakan wuni cikinta. To, zuwa Jidda ya fi wannan sau huɗu.

Kakanninmu da ƙafa suka yi ta, ko bisa jaki da raƙumi. Su ratsa Cadi, su ratsa Sudan, su tsaya su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin ruwa. Wani sai ya yi shekaru bai komo ba. Waɗansu ma can Sudan suka zauna, jikokinsu na nan har yau.

Babban jirgin sama yana cin wajen kilomita 800 a awa guda. Ku raba 4000 gida 800, za ku samu 5. Ke nan tafiyar awa 5 ce, ko da ɗan ɗori. In jirgi ya yada zango a wani gari, ko ya yi kewaye, lokacin ya ƙaru. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa jirage da yawa suka kauce wa samaniyar ƙasar.

Amma ga inda mutane ke ruɗewa. Jidda tana gabas da mu, rana tana riga fitowa can. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. In jirgi ya tashi Yamai ƙarfe 10 na dare, zai sauka ƙarfe 3 ga agogonmu, alhali a Jidda ƙarfe 5 ce ta asuba. Lokacin saukar da aka rubuta bisa tikiti na garin da za a sauka ne. Wanda bai san haka ba sai ya ce awa 7 aka yi a sama.

Saboda haka matafiyi, da ka sauka ka gyara agogonka, kada salla ko motar ayarinku ta wuce ka. Ku kuma na gida, kada hankalinku ya tashi in ba ku ji kira ba nan da nan. Bayan sauka akwai layin duba fasfo da jiran kaya.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsakanin Yamai da Jidda?
2. In ƙarfe 8 ce ta safe a Maraɗi, ƙarfe nawa ne a Jidda?
3. Jirgi ya tashi Jidda ƙarfe 12 na rana, ya yi awa 5. Ƙarfe nawa zai sauka Yamai ga agogonmu?