Darasi: Taɓin Hankali Ciwo Ne, Yana da Magani

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani irin taɓin hankali ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum 300, ɗaya yana da shi. Ashe ke nan ba a rasa shi a ƙauyukanmu, daga Ɗanzomo har Maigatari.

Alamunsa

Yawanci yakan fara ne a ƙuruciya, tsakanin shekara 16 da 30. Ga misali. Saurayi mai ƙwazo ya daina fita gona, ya daina wanka, barci ya ƙaurace masa. Yana jin muryoyin da ba wanda ke jin su, yana amsa musu. Ya haƙiƙance ana zuba masa guba a tuwo. Zancensa ba kai ba gindi.

Me ke kawo shi?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Gado yana da hannu a ciki, haka kuma wahalar haihuwa da shan wiwi tun da ƙuruciya. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta taɓa mai shi.

Yadda ake gane shi

Ba a ganinsa a gwajin jini. Likita zai tambayi maras lafiya da danginsa, ya ga ko alamun sun kai wata ɗaya ko fiye. Zai kuma tabbatar ba zazzaɓi mai zafi, ko farfaɗiya, ko shaye-shaye ne suka rikita shi ba. A fara da Babban Asibitin Gumel. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai kuma a Dawanau ta Kano.

Magani

Tun shekarar 1952 aka samu ƙwayar da ke kwantar da muryoyin nan. Akwai kuma allura ta wata-wata. Sauƙi yakan ɗauki makonni. Babban kuskure shi ne barin magani da zarar an ga sauƙi, domin ciwon yakan dawo. In wuya ya ƙage ko hannu na rawa, a koma wurin likita ya gyara maganin. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti. Mari da bulala ba sa warkar da kowa.

Aikin ƙungiya

A shekarar 1954, Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar magani a cikin jama'a. Mu ma za mu iya riƙe namu. Mu yi masa gayya kada gonarsa ta kwana. Mu tanadi kuɗin mota da na magani a asusun ƙungiya. In ya ji sauƙi, mu ba shi fartanya ya shiga cikinmu.

Tambayoyi domin taro

1. Wa zai riƙa tuna wa maras lafiya ranar allura?
2. Mudu nawa na gero kowa zai bayar da kaka domin asusun?