Darasi Na 14: Jiyyar Ido Bayan An Yi Aiki

Jama'a, kowa ya san ciwon idon nan da a ke kira amodari. Ƙuda ke yaɗa shi, da hannu mai dauɗa, da tsumman da mutum biyu su ka share fuska da shi. Yana kama mutum tun yana yaro, ya tafi ya dawo. Bayan shekaru sai fatar ido ta tattare ta juya ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido duk sa'ad da aka ƙyafta. Ya fi samun mata, gama su ke fama da yara. Tsofaffinmu na Mada da Tsafe da Bunguɗu su kan tsige gashin da matsefata, amma ba ya daɗewa sai ya sake tsirowa. In an bar shi, ƙarshensa makanta.

Akwai aikin da a ke yi wa wannan. Ƙarami ne, bai kai rabin sa'a ba, kuma ba a sa mutum barci. Allura a ke yi wa fatar idon ta mutu, a tsaga kaɗan, a juyo gashin waje, a ɗinke, a rufe da auduga da bandeji. Ran nan mutum ya ke komawa gida. Ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana taimakon hukumar Zamfara a kan wannan aiki. Ƙasar Gana ta rabu da ciwon a 2018, Mali kuma a 2023.

To, mai aikin ba zai bi ki gida ba. Don haka kafin a sallame ki zai zaunar da ke tare da wanda ya rako ki, ya koya muku jiyya. Malamin asibiti na kirki ba ya faɗi sau ɗaya ya tashi. Zai ce, "Inna, maimaita mini abin da na ce." Kada ki ji haushi, ba raini ba ne. Mutum ya kan ce "to" don kunya, alhali kuwa bai ji kome ba.

Zai ce kada a kwance bandejin, a dawo gobe shi ya cire da kansa. Sa'an nan ya ɗauko man ido, ya sa a gabanku, ya miƙa wa ɗan rakiya ya gwada. A wanke hannu da sabulu tukuna. A ja fatar ido ta ƙasa da yatsa, a matsa man kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Gani ya kan yi hazo na ɗan lokaci, wannan ba kome. A ci gaba da sawa har kwanakin da aka faɗa su cika, ko da ido ya daina ciwo. Kuma kada a ara wa maƙwabciya, ko ta roƙa.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne a tsakar gida. Rana ta uku mace ta ji sauƙi, sai ta ɗauki faifai ta shiga shiƙa, ƙaiƙayi ya cika idon da aka ɗinka. Ko ta zauna bakin murhu cikin hayaƙi. Ko wata ta zo gaisuwa ta ce a ɗiga ruwan ganye ko nonon mace, a ranɓaɗa kwalli. Ku maza da ke ajin nan, a ganina nauyin nan naku ne. Ku sami mai yin daka da girki har a cire zare. A riƙa wanke fuska a hankali da ruwa mai tsabta, ba murzawa, a kori ƙuda.

Za a ba ku kati an rubuta ranar komowa. Yawanci a kan cire zare tsakanin kwana 8 da kwana 14, sa'an nan a sake duba ido bayan wata 3 zuwa 6, domin wani lokaci gashin ya kan koma ciki. Zaren da aka manta da shi ya kan ruɓa a fata ya jawo ƙari. Amma in ido ya kumbura ƙwarai, ko yana mugunya, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ya ƙi rufuwa in za a yi barci, ba a jiran ranar kati. A tafi asibitin Gusau ko wanda ya fi kusa.

Ku sani kuma, aikin yana tsai da ɓarna ne, ba ya mai da ganin da tabo ya riga ya cinye. Wanda gashi ke soke masa ido kada ya ce sai bayan kaka.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir. An yi wa Inna aiki ran Talata, 3 ga wata, aka ce ta komo bayan kwana 10. Ku rubuta rana da kwanan watan da za ta koma.